Malam Isma'ilu Al-Jazari, Gwanin Na'urori

Daga cikin magabatan da Allah Ya yi wa baiwar sana'a akwai Abul Izzi Isma'ilu ɗan Razzazu, wanda aka fi sani da Al-Jazari. Ana danganta shi da ƙasar Jazira, wadda ke tsakanin kogin Dijla da na Furatu. Ya yi shekara 25 yana hidima a fadar sarakunan Artuƙawa a Diyar Bakar, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, yana ƙera musu agogunan ruwa, da tasoshin alwala, da injunan ɗebo ruwa daga kogi.

Sarki Nasiruddini Mahmudu ne ya umurce shi da ya tattara aikinsa cikin littafi domin kada ya salwanta. Ya kammala shi a shekarar 1206 Miladiyya, watau 602 Hijira, ya zuba na'urori 50 a ciki, ya kasa su kashi 6.

Darajar wannan littafi tana cikin zanensa. Kowace na'ura sai ya zana ta, ya sa wa kowane sashe nata harafi, sa'an nan ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya yana bayyana inda wannan ya kama wancan. A famfonsa mashahuri, alal misali, ya nuna yadda ruwan kogi ke juya gargare, gargaren ya juya faifai mai haƙora, faifan ya kaɗa sanda, sandar kuma ta riƙa tura matosai biyu bi da bi, ɗaya na zuƙo ruwa, ɗaya na kora shi sama ta bututu. Ya san cewa maƙerin da ya ga sassa bai ga mahaɗarsu ba, tarkace kurum ya gani.

Galibin masu sana'a sukan ɓoye asirinsu, har su shiga kabari da shi. Shi kuwa ya shimfiɗa nasa a fili, bisa koyarwar Musulunci wadda ta yi hani ga ɓoye ilimi. Albarkacin haka littafin ya rayu. Akwai tsohon kwafinsa a fadar Topkapi a Istanbul, kuma a 1974 wani injiniya Baturen Ingila, Donald Hill, ya fassara shi zuwa Turanci. Masana sun bi zanen sun sake ƙera waɗansu na'urorin, sun kuwa yi aiki.

Ilimi mai amfani yana cikin abin da ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.