Constantin von Economo (1876–1931): Likitan da Ya Gano Mazaunin Barci a Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Hausawa kan kira barci ɓarawo, su kuma kira shi ƙanin mutuwa. Maganganun nan biyu fahimta guda suke nunawa, watau barci abu ne da kan auka wa mutum ba da shirinsa ba, ya ƙwace masa ji da gani, ya bar shi yashe kamar gawa. Har zuwa farkon ƙarni na 20 yawancin likitocin Turai ba su yi nisa da wannan ra'ayi ba, domin sun ɗauka barci tsayawar aiki ce kurum, kamar yadda fitila kan mutu idan mai ya ƙare. Mutumin da ya kawo hujja mai ƙarfi daga jikin ɗan Adam cewa ƙwaƙwalwa ce da kanta take shirya barci, kuma akwai takamaiman wurin da ke riƙe da linzaminsa, shi ne Constantin von Economo, wani likita na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin rayuwarsa a taƙaice, ta kuma nuna yadda wata muguwar annoba ta zame masa hanyar gano abin da ba a gama tabbatarwa ba sai bayan kusan shekara 70 da mutuwarsa.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Economo ran 21 ga watan Agusta 1876 a garin Braila na ƙasar Romaniya. Iyayensa Girkawa ne, attajirai. Yana jariri suka yi ƙaura zuwa Trieste, wani birni na bakin teku wanda a zamanin nan yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, yanzu kuwa yana cikin Italiya. Da yake birnin mahaɗar al'ummomi ne, sai yaron ya tashi yana jin Girkanci da Jamusanci da Italiyanci da Faransanci.

Tun yana makarantar sakandare ya karanta wani littafi na likitan nan na Italiya, Cesare Lombroso, a kan dangantakar hazaƙa da taɓin hankali, daga nan sha'awar sanin ƙwaƙwalwa ta shige shi. Amma mahaifinsa aikin injiniya yake so ya koya. Economo ya bi umurnin uba, ya tafi Biyana cikin 1893 ya fara karatun injiniya. Bayan shekara biyu aka yardar masa ya koma fannin likita, ya kuwa sami digirinsa cikin 1901. Tun kafin ya gama ya riga ya wallafa bincikensa na farko cikin 1899, a kan wani ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar tsuntsaye.

Bai tsaya nan ba, sai ya shiga yawon neman ilmi wajen manyan malaman zamaninsa. Ya zauna a Faris wajen Pierre Marie, ya kuma zauna a birnin Munich na Jamus wajen Emil Kraepelin da Alois Alzheimer, wanda cutar mantuwar tsufa ke ɗauke da sunansa. Cikin 1906 ya komo Biyana ya kama aiki a asibitin jami'a, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, a ƙarƙashin Julius Wagner-Jauregg. A wannan sashe ya yi sauran rayuwarsa ta aiki.

Jirgin Sama da Yaƙin Duniya

Economo ba mutumin ɗakin bincike kaɗai ba ne. Cikin 1907 ya fara tashi sama da babbar balan-balan, daga baya ya koyi tuƙin jirgin sama, ya zama ɗaya daga cikin matuƙan farko na ƙasar Ostiriya. Ya shugabanci ƙungiyar masu sha'awar jirgin sama ta ƙasar daga 1910 har zuwa 1926. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya yi aikin soja, har ya tuƙa jirgi a fagen daga na kudancin Tirol. Cikin 1916 ya komo asibitinsa na Biyana don ya duba sojojin da aka yi wa rauni a ka. Wannan komowa ita ce ta haɗa shi da cutar da ta fitar da sunansa.

Baƙuwar Cuta

A hunturun ƙarshen 1916 da farkon 1917 aka riƙa kawo wasu majinyata asibitin, kowane da sunan cutar da likitan farko ya laƙaba masa. Wani a ce sanƙarau ne, wani a ce gigin zazzaɓi ne. Economo ya lura akwai abin da ya haɗa su. Ciwon kan fara da kasala da ciwon kai da ɗan zazzaɓi, kamar mura. Daga nan fatar ido ta sauko, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, sa'an nan barci mai nauyi ya danne shi, yana zaune ko yana tsaye, ko ma da loma a bakinsa. Abin mamaki shi ne, idan aka girgiza majinyacin yakan farka ya amsa tambaya daidai, amma da zarar an ƙyale shi sai ya koma. Waɗansu sukan yi makonni a haka su farfaɗo, waɗansu kuwa daga barcin sai suma, daga suma sai mutuwa.

Ran 17 ga watan Afrilu 1917 ya gabatar da bayanin cutar ga taron likitocin ƙwaƙwalwa na Biyana, aka kuma buga shi cikin watan Mayu. Ya raɗa mata suna da Latin, encephalitis lethargica, ma'ana kumburin ƙwaƙwalwa mai jawo barci. A daidai wannan lokaci wani likitan Faransa, Jean-René Cruchet, ya ba da rahoton irin wannan ciwo a tsakanin sojoji, abin da ya jawo doguwar jayayya a kan wanda ya riga wani. Duk da haka sunan Economo ne ya bi cutar, saboda shi ne ya nuna cewa alamomin nan mabambanta na cuta guda ne, ya kuma bayyana irin ɓarnar da take yi a ƙwaƙwalwa.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin wannan cuta da ciwon barcin da aka sani a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Shi wancan ƙudan tsando ne ke yaɗa shi, ƙwayar da ke haddasa shi kuwa sananniya ce. Cutar Economo ba ta da alaƙa da tsando, kuma har yau masana ba su daddale a kan musabbabinta ba. Mutane da yawa sun danganta ta da annobar murar nan ta 1918, amma shi Economo ya tsaya a kan cewa cututtuka biyu ne daban, hujjarsa kuwa ita ce ya ga majinyatansa tun kafin murar ta ɓulla.

Cutar ta bazu zuwa Ingila da Amurka da sauran sassan duniya, ba ta lafa ba sai wajen 1927. Wasu masana sun ƙiyasta cewa ta kama mutum kusan miliyan ɗaya, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ta kwantar sun mutu. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira ba su tsira duka ba. Bayan watanni ko shekaru sai jikinsu ya sandare, fuska ta daskare, tafiya da magana su gagara, irin alamomin cutar Parkinson. Yara kuwa sau da yawa halinsu ne yakan sauya, mai natsuwa ya koma fitinanne. Ragowar irin waɗannan majinyata ne likita Oliver Sacks ya tarar a wani asibiti na birnin New York, ya ba su maganin L-DOPA cikin 1969, suka motsa na wani lokaci bayan shekaru masu yawa a sandare.

Mazaunin Barci

A zamanin Economo akwai ra'ayoyi iri iri game da dalilin barci. Waɗansu sun ce jini ne ke raguwa a ƙwaƙwalwa. Waɗansu sun ce idan ido da kunne da fata suka daina aika saƙo, sai ƙwaƙwalwa ta yi shiru don ba ta da abin yi. Waɗansu kuma, kamar Henri Piéron na Faransa, sun ce wata guba ce ke taruwa a jiki muddin mutum yana farke. Tun cikin 1890 wani likitan ido na Biyana, Ludwig Mauthner, ya yi hasashen cewa akwai wuri a can cikin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da barci, amma bai sami isasshiyar shaida ba.

Annobar ta ba Economo shaidar da Mauthner ya rasa. Ya lura cewa ba duka majinyata ne barci ke dannewa ba. Akwai waɗanda barci ya ƙaurace musu ƙwata-ƙwata, su kwana su wuni ido biyu cikin rashin natsuwa. Akwai kuma waɗanda al'amarin ya juye musu, su yi barci da rana su farka da dare. Da ya binciki ƙwaƙwalen waɗanda suka mutu ta madubin likita, sai ya tarar wurin ɓarnar ya bambanta. Masu yawan barci an ci su ne ta bayan wani ɗan sashe da ake kira haifotalamos, daidai inda ya haɗu da tushen ƙwaƙwalwa. Marasa barci kuwa ta gaban wannan sashe cutar ta ci su.

Daga nan ya gina hujjarsa mataki mataki. In lalacewar baya tana jawo barci, to aikin bayan shi ne riƙe mutum a farke. In lalacewar gaba tana hana barci, to aikin gaban shi ne kawo barci. Tun da kuwa akwai wurin da sai yana da lafiya barci ke samuwa, ashe barci aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi, ba mutuwar fitila ba ce. Farkawar da majinyatansa ke yi idan an taɓa su ta ƙara masa ƙarfin gwiwa, don ta nuna abin da ke damunsu barci ne na sosai wanda ya wuce kima, ba suma ba. Ya bayyana wannan ra'ayi a wata lacca da ya yi a New York cikin 1929, aka buga ta cikin 1930. A ciki ya yi hasashen cewa cutar nakolefsi, wadda ke sa barci ya kayar da mutum da rana tsaka, daga bayan haifotalamos take tasowa. Ya kuma yi fatan wata rana a yi maganin rashin barci ta hanyar taɓa wannan cibiya kai tsaye, maimakon a bugar da ƙwaƙwalwa baki ɗaya.

Sauran Ayyukansa da Mutuwarsa

Ban da batun barci, Economo ya shafe fiye da shekara goma yana nazarin ɓawon ƙwaƙwalwa, daga baya tare da wani likita Bagirke, Georg Koskinas. Cikin 1925 suka fitar da babban littafi mai hotuna wanda ya kasa ɓawon gida 107 bisa ga tsarin ƙwayoyinsa. Ya kuma yi bayanin wasu dogayen ƙwayoyin jijiya waɗanda yanzu ake kira da sunansa, daga baya aka tarar da irinsu a ƙwaƙwalen manyan birai da giwaye.

Ya yi aure cikin 1919, ya auri gimbiya Karoline von Schönburg-Hartenstein, ya kuma zama farfesa cikin 1921. Da maigidansa Wagner-Jauregg ya yi ritaya cikin 1928, Economo bai karɓi kujerarsa ba, domin yana gudun kada harkar mulki ta raba shi da bincike. Cikin 1931 aka buɗe masa sashen binciken ƙwaƙwalwa na kansa, amma bai daɗe a cikinsa ba. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Biyana ran 21 ga watan Oktoba 1931, yana da shekara 55.

Abin da Ya Biyo Baya

Hujjar Economo daga gawarwaki ta fito, don haka ta buƙaci gwaji. Walter Hess na Zurich ya sa kyanwoyi barci ta hanyar tsikarar can cikin ƙwaƙwalwarsu da 'yar wutar lantarki. Cikin 1946 Walle Nauta ya yi wa ɓeraye yanka a wuraren nan biyu, ya sami sakamako irin na majinyatan Biyana. Cikin 1996 Clifford Saper da abokan aikinsa a Amurka suka gano rukunin ƙwayoyin da ke kunna barci a gaban haifotalamos. Cikin 1998 aka gano wani sinadari mai suna oreksin, wanda ƙwayoyin gefe da bayan haifotalamos ke yi don riƙe mutum a farke, cikin 2000 kuma aka tabbatar cewa masu nakolefsi sun rasa mafi yawan waɗannan ƙwayoyi. Daɗin daɗawa, cikin 2014 aka amince a Amurka da maganin rashin barci na farko mai aiki ta toshe oreksin, watau irin abin da Economo ya yi fata.

Wannan ilmi yana bayyana abubuwan da ake gani yau da kullum. Alal misali, a bayan haifotalamos ne ƙwayoyin da ke yin sinadarin histamin suke, shi ya sa maganin mura irin su Piriton, mai toshe histamin, yake sa gyangyaɗi. Ra'ayin Piéron ma bai faɗi ƙasa banza ba, don an gano wani sinadari, adinosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa gwargwadon daɗewar mutum a farke. Abin da ke cikin goro da shayi da kofi toshe saƙon adinosin yake yi, ba ya kawar da shi. Saboda haka ɗalibin da ya raba dare da goro don jarrabawa bashi ya ci, kuma jiki zai bi shi. Bincike ya danganta yawan tauye barci da hawan jini da ciwon suga da raunin hadda, shi ya sa likitoci ke shawartar baligi ya sami aƙalla awa 7 a kowane dare.

Kammalawa

Economo bai sami maganin cutar da ya raɗa wa suna ba, majinyatansa da yawa sun mutu a gabansa, cutar kuma ta janye ba tare da an san dalili ba. Abin da ya bari shi ne hanyar nazari. Ya dubi marasa lafiyar da aka rarraba a ƙarƙashin sunaye daban daban, ya ga abin da ya haɗa su, sa'an nan ya gwama abin da ya gani a gadon asibiti da abin da ya gani a madubi. Da wannan ya mai da barci wani aiki na jiki mai mazauni da tsari, wanda kan lalace, a kuma iya neman maganinsa. Ƙasar Ostiriya ta buga kan sarki da hotonsa cikin 1976, shekara 100 da haihuwarsa.