Likita Walter Miller, Wanda Ya Riƙe Aiki Ɗaya Har Ya Ga Ƙarshensa

Karatu: Luka 14:28-33; Nehemiya 2:11-18; 1 Korantiyawa 3:5-11

A cikin ikilisiyoyinmu na Abuja akwai 'yan'uwa da yawa waɗanda aka danƙa wa aiki a hannu, kamar su injiniyoyi, da 'yan kwangila, da shugabannin ofisoshi, da dattawan da aka sa su lura da ginin majami'a. Dukansu sun san nauyin wannan kaya, watau a ba mutum kuɗi da ma'aikata da wa'adi, sa'an nan a zuba masa ido a ga yadda zai ƙare. Dominsu ne muka kawo labarin Likita Walter Miller, wanda ya ja gaba har aka gama juya Littafi Mai Tsarki duka cikin Hausa.

Shirinsa

An haife shi a ƙasar Ingila a shekara ta 1872, ya kuwa koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew a birnin Landan. Da ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S., sai aka aike shi Tarabulus tukuna, gama a zamanin nan akwai Hausawa da yawa a can, fatake da alhazai masu ketare hamada. A bakinsu ya koyi harshen. A can kuma ya sadu da wani yaro, Abdul Majid, wanda daga baya ya zauna wurinsa, ya zama mataimakinsa ƙwarai. Miller ya fara wasa gatarinsa tun bai isa gindin itacen ba.

Tafiyar da ta lalace

A 1900 Bishop Tugwell ya tashi daga Ikko da mutum huɗu, Miller yana cikinsu, suka nufi Kano. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da alheri. Amma suka wuce gaba ba su jira iznin Sarkin Kano Aliyu ba, ba su kuwa yi zaman shawara sosai da Gwamna Lugga ba. Da suka iso, Sarki ya ƙi su zauna, ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita daga birninsa. Suka komo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. Nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma ciwo ya mai da shi gida, daga bisani wuta ta ci masaukinsu.

Mutanen nan suna da himma da bangaskiya, ba wanda zai musa. Abin da ya rage musu shi ne lissafin nan da Ubangijinmu ya yi zancensa cikin Luka 14, na mai son gina hasumiya wanda yakan zauna tukuna ya auna abin da ginin zai ci. A gwada su da Nehemiya, wanda ya nemi wasiƙun sarki kafin ya kama hanya, ya kuma zaga garun Urushalima da dare ya duba ɓarnar da idonsa kafin ya kira kowa ga aiki.

Zariya da Gimi

Miller bai fid da zuciya ba. Ya koma Girku, a 1905 kuma ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara maza. Kowace rana, tsakanin duban majiyyata da koyarwa, yakan keɓe lokaci domin fassara, yana gwada kowace kalma a kunnen malamai da almajiransa.

Wajen 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim na Kano waɗanda suke girmama Annabi Isa, suka zo wurinsa neman koyarwa. Aka kafa musu gari a Gimi, Rabaran W. A. Thompson yana lura da su. Aka yi gonaki da makaranta, kowa yana murna. Amma wurin yana da ƙudan tsando, sai ciwon barci ya shiga garin ya kashe mutane da yawa, har tilas aka kwashe waɗanda suka ragu zuwa Zariya. Wannan shi ne karo na biyu da aiki ya rushe a gabansa.

Ƙarshen aikin

Hukuma ta daɗe tana so mishan ta fita daga cikin birni, Miller kuwa ya daɗe yana ƙi. Gama shi mutum ne mai kaifin baki, ba ya sake ra'ayinsa da sauƙi, ya sha yin gardama da Turawan mulki, har da abokan aikinsa. Wannan hali ya jawo masa wahalar da ba lalle ba ce. A 1929 dai aka koma Wusasa, Rabaran Guy Bullen yana riƙe da aikin, aka gina majami'a ta ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Miller ya bar makaranta da asibiti a hannun waɗansu, ya tafi Kano ya ba da ƙarfinsa duka ga fassara.

Ba shi ya fara wannan aiki ba. Tun cikin ƙarni na 19 J. F. Schön ya juya Sabon Alkawari yana zaune a Ingila, da taimakon Dorugu. Miller ya ɗora bisa abin da ya tarar, tare da 'yan mishan na S.I.M. da S.U.M. da Hausawa masu bi waɗanda suka yi ta gyara masa magana, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta fitar da littafin cikakke, shekara 32 bayan korar da aka yi musu daga Kano. Ikilisiyoyin Arewa suka yi kusan shekara hamsin suna karanta shi kafin a yi sabuwar fassara. Cikin yaran da mishan ɗin ta rena akwai Barau Dikko, likita na farko daga Arewa. Miller ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.

Abin koyi ga mai riƙe da aiki

Na fari, ka koyi harshen mutanen da za ka yi aiki da su, ka kuma nemi yardar masu wuri kafin ka kafa tubali. Na biyu, ka binciki ƙasa da ruwa da lafiyar wurin tun ba ka tara jama'a a kai ba, gama ran ma'aikata amana ce a wuyanka. Na uku, ka rarrabe tsakanin ainihin aikin da wurin da ake yinsa. Kano ta kuɓuce wa Miller, haka Gimi, haka gidansa na birnin Zariya, amma fassarar ba ta tsaya ba. Na huɗu, ka horar da waɗanda za su gaje ka, in lokaci ya yi kuma ka sakar musu, gama Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa wani ke dashe, wani ke ban ruwa, Allah ne mai sa girma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane shiri ne Nehemiya ya yi wanda matafiyan 1900 suka bari?
2. A cikin aikin da ke hannunka yanzu, mene ne ainihinsa, mene ne kuma za ka iya saki?
3. Ƙaƙa shugaba zai tsaya kan gaskiya ba tare da ya ɓata da abokan aikinsa ba?
4. In ka bar aikinka gobe, wa ka shirya ya ɗauka?