Tarihin Magabata: Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato

Wannan Juma'a za mu tuna da marigayi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi ranar 25 ga Fabrairu, 1925 a garin Shagari, wanda kakan mahaifinsa Ahmadu Rufa'i ya kafa. Mahaifinsa Aliyu manomi ne, makiyayi, kuma ɗan kasuwa kamar yawancinmu, kafin a naɗa shi Magajin Shagari. Sunan mahaifiyarsa Mariyamu. Yana ɗan shekara biyar uban ya rasu, to ka ga da maraici ya tashi, a hannun dangi.

Ya fara da karatun allo, sannan elementare a Yabo, Midil a Sakkwato, sai Kwalejin Kaduna. Malamin makaranta ne shi tun asali, ya koyar a Sakkwato da Argungu. A 1954 aka zaɓe shi ɗan majalisar tarayya, ya yi minista zamanin Tafawa Ɓalewa, ya riƙe kuɗin ƙasa lokacin Gowon. Ranar 1 ga Oktoba, 1979 ya zama shugaban ƙasa a jam'iyyar NPN.

Shi ya matsa wa aikin ginin Abujan nan da muke neman abinci a cikinta, ga kuma gidajen Shagari a jihohi. Amma fa farashin mai ya faɗi, kaya suka yi tsada, aka yi ta kukan wasu na kusa da shi suna cin amana. A 1983 gwamnatinsa ta kori baƙi marasa takardu, abin da mu mazauna garin wasu mun san zafinsa.

Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka kifar da shi yana nan Abuja, har Birgediya Ibrahim Bako ya rasa ransa, Janar Buhari ya hau. An tsare shi zuwa 1986, binciken da aka yi bai same shi da satar kuɗi ba. Ya koma gida ya rungumi ƙaddara.

Ya rasu a Asibitin Ƙasa na Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018 yana da shekara 93, aka kai shi Shagari aka binne.

Jama'a, tsarkin hannun maigida bai isa ba in bai sa ido kan yaransa ba, a fada ne ko a shago. Allah Ya gafarta masa, Ya kyautata namu ƙarshen, amin.