Georges Charpak: Daga sansanin Dachau zuwa kyautar Nobel

Ka taɓa jin sunan Georges Charpak? Da wuya. An haife shi a Poland a 1924, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Faransa yana yaro. Da sojojin Hitler suka mamaye ƙasar, ya shiga sahun masu turjiya. Aka kama shi a 1943, daga baya aka kai shi sansanin Dachau. Ya fito da ransa a 1945, ya koma karatu.

A cibiyar bincike ta CERN, kusa da Geneva, hotunan sawun ƙwayoyin zarra ake ɗauka, mutane su zauna suna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Aikin gajiya ke nan fa! A 1968 Charpak ya ƙera akwati mai iskar gas da siraran wayoyi a jere. Ƙwaya na giftawa, waya ta sanar da kwamfuta nan take. Wannan ya ba shi Nobel a 1992.

Sai ya karkata fasahar zuwa asibiti, don a riƙa ɗaukar hoton cikin jiki ba tare da hasken ya yi yawa ba. Kar ka raina wannan: a gwaji irin na hoton nono, da mata kan maimaita don gano sankara da wuri, yawan hasken abin lura ne.

Ya rasu a Paris a 2010.