Andrew Foster, Uban Wasan Besbol na Baƙar Fatar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda jama'a ke ƙauna kamar yadda ake ƙaunar tamola a wasu ƙasashe. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da ƴan wasa tara. Mutum guda ya jefa ƙwallo, abokin hamayya ya buge ta da sanda, sa'an nan ya ruga ya zagaya zango huɗu. In ya komo inda ya tashi ba a fid da shi ba, ƙungiyarsa ta ci maki guda. Cikin mazajen da suka yi suna a wannan wasa akwai Andrew Foster, wanda aka fi sani da Rube Foster. Ya yi wasa da kansa, ya horar da ƴan wasa, daga ƙarshe ya kafa wa baƙar fata gasa tasu ta kansu.

An haife shi ran 17 ga watan Satumba 1879 a jihar Teksas, shekara 14 bayan da aka soke bauta a Amurka. Mahaifinsa mai wa'azi ne a coci. Yaron bai yi nisa da karatu ba. Ya bar lakwal, ya bi wasan ƙwallo. A zamanin nan, manyan ƙungiyoyin Turawa sun riga sun rufe ƙofa ga baƙar fata. Ba wata doka rubutacciya ta gwamnati ce ta hana ba, masu ƙungiyoyin ne suka haɗa baki tsakaninsu. Saboda haka duk gwanintar baƙin mutum, sai dai ya shiga ƙungiyar ƴan uwansa, su riƙa yawo gari gari suna neman abokan karawa.

Foster mai jefa ƙwallo ne, ƙato, mai ƙarfin dantse da kaifin basira. Cikin shekara ta 1902 ya isa birnin Shikago. A 1903 ya shiga ƙungiyar Cuban X-Giants, inda ya yi nasara a wasa huɗu cikin karawar da ta ba su zakarancin baƙar fata a kan Philadelphia Giants. Da shekara ta kewayo sai ya koma wajen waɗanda ya kayar, ya taimake su suka ƙwace kambin. Ana danganta laƙabinsa na Rube da wani shahararren Bature mai jefa ƙwallo, Rube Waddell, wanda aka ce Foster ya rinjaya a wani wasan sada zumunci.

A 1907 ya komo Shikago, aka ba shi jagorancin ƙungiyar Leland Giants, yana wasa kuma yana horar da sauran. Abin da ya fara dubawa shi ne rabon kuɗin ƙofa. Ya ga jama'a na cika fili don kallon baƙar fata, amma mafi yawan kuɗin na tafiya aljihun masu filaye da dillalan da ke shirya wasanni. Ya tsaya kai da fata sai da aka ƙara wa ƙungiyarsa kaso. A 1911 ya haɗa gwiwa da wani Bature, John Schorling, wanda ke riƙe da tsohon filin ƙungiyar White Sox, ya kafa Chicago American Giants.

A nan ne aka san shi da iya horo. Bai dogara ga bugu mai nisa kaɗai ba. Ya koya wa yaransa su taɓa ƙwallo a hankali ta faɗi kusa, su sheƙa da gudu, su saci zango tun abokan hamayya ba su farga ba. Yana zaune a gefen fili da lofensa, da shi yake yi musu ishara. Wanda ya saɓa umurni, tara ce ke hawansa. Amma kuma ya kula da mutuncinsu: albashi a kan kari, tufafi masu tsabta, tafiya cikin taragon jirgin ƙasa nasu na musamman. In sanyi ya sauka a Shikago, sai su nufi Kaliforniya, ko Fulorida, ko tsibirin Kuba su ci gaba da wasa.

Duk da haka, Foster ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin baƙar fata ba su da tsari: wannan ta janye ɗan wasan waccan da alkawarin kuɗi, wata ta watse tun damina ba ta raba ba. A lokacin kuwa dubban baƙar fata na ƙaura daga kudancin ƙasar zuwa biranen arewa don aikin masana'antu, ƴan kallo na ƙaruwa. A 1919, shekarar da rikicin launin fata ya ci rayuka 38 a Shikago, ya yi ta rubutu cikin jaridar Chicago Defender yana kiran masu ƙungiyoyi su haɗa kai.

Ran 13 ga watan Fabrairu 1920 suka taru a birnin Kansas Siti, suka kafa gasar da aka sa wa suna Negro National League, da ƙungiya takwas, Foster ne shugaba. Cikin masu ƙungiyoyin, guda ɗaya tak ne Bature, J. L. Wilkinson mai Kansas City Monarchs. Burin Foster shi ne kuɗin wasan ya zauna hannun baƙar fata, kuma ƴan wasansu su kasance a shirye ran da ƙofa za ta buɗe. Ƙungiyarsa ta ci gasar sau uku a jere, 1920, 1921 da 1922.

Mulkin nasa bai rasa masu suka ba. Yana karɓar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ƙofar wasannin gasar, kuma shi ke tsara wa kowa ranar wasa, har wasu suka zarge shi da fifita tasa ƙungiyar da kama-karya. Sai dai kuma shi ne mai tura gwanayen ƴan wasa ga ƙungiyoyi masu rauni don gasa ta yi armashi, kuma in wata ta rasa kuɗin mota ko na albashi, daga aljihunsa yake aika mata. A 1923 aka kafa wata gasar a gabashin ƙasar, a 1924 kuma zakarun gasar biyu suka kara, Monarchs ta rinjayi Hilldale.

Aiki ya yi masa yawa, ba hutu dare da rana. A 1925, a wani masauki na birnin Indiyanapolis, iskar gas ta yoyo cikin ɗakinsa, aka same shi a some. Ya farfaɗo, amma lafiyarsa ba ta komo daidai ba. A 1926 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na garin Kankakee, cikin jihar Ilinoi. Can ya rasu ran 9 ga watan Disamba 1930, yana da shekara 51. Dubban mutane suka halarci jana'izarsa a Shikago. Rashin jagora da karayar tattalin arziki ta duniya suka taru a kan gasar, ta rushe a 1931.

Amma irin da ya shuka bai mutu ba. A 1933 aka sake kafa wata gasar da wannan suna. Ƙungiyar Monarchs, wadda ta fara wasa tare da gasar Foster, ita ce ta ɗauki Jackie Robinson a 1945. Shi ne kuwa ya shiga Brooklyn Dodgers ran 15 ga watan Afrilu 1947, ya karya shingen launin fata. Buɗewar ƙofar ta zo da nata farashin: gwanaye da ƴan kallo suka koma manyan ƙungiyoyi, gasar baƙar fata ta yi ta dushewa har ta ɓace.

A 1981 aka shigar da sunan Foster cikin zauren girmama gwanayen besbol da ke garin Cooperstown. A watan Disamba 2020 kuma, shekara ɗari bayan taron Kansas Siti, hukumar manyan ƙungiyoyin besbol ta Amurka ta amince cewa gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948 daidai suke da nata a daraja. Gasar da Foster ya kafa ita ce ta farko cikin jerin.