Chester Carlson, Lauyan da Ya Ƙirƙiro Fasahar Kwafar Takardu

An haifi Chester Carlson a Seattle ta Amurka a 1906. Cikin talauci ya tashi, mahaifinsa na fama da tarin fuka. Bayan digirinsa na kimiyya a 1930, ya kama aikin rajistar haƙƙin ƙirƙira, yana karatun lauya da dare. Wahalar kwafar takardu da hannu ce ta tura shi bincike, har ya fitar da kwafin farko ta hanyar lantarki ranar 22 ga Oktoba, 1938. Kamfanoni sama da 20 suka juya masa baya. Sanin doka ne ya cece shi, domin tun 1937 ya shigar da takardar kare haƙƙinsa, kafin kamfanin Haloid, wanda ya zama Xerox, ya karɓi fasahar. Ya rasu a 1968.