Janar Murtala Ramat Muhammad (1938–1976)

An haifi Murtala Ramat Muhammad a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatunsa na farko a Kano, sa'an nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, inda ya kammala a 1957. A shekarar da ta biyo baya ya shiga aikin soja. An horar da shi a makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila, ya sami muƙamin hafsa a 1961, aka sanya shi a sashen sadarwa na rundunar sojan ƙasa. Yana cikin sojojin Nijeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tun yana ƙaramin hafsa aka san shi da jaruntaka da zafin nama, da kuma rashin jinkiri idan ya yanke shawara. Wannan hali shi ne mabuɗin fahimtar rayuwarsa, domin shi ya jawo masa nasara, shi kuma ya jawo masa asara.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da manyan hafsoshin Arewa a cikinsa, ya ɓata wa Murtala rai ƙwarai. Yana cikin jagororin juyin mulkin ramuwa na watan Yuli na wannan shekara, wanda ya ɗora Yakubu Gowon a kan mulki. Rikicin da ya biyo baya, da kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a Arewa, suka kai ga Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Yankin Gabas da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967. A watan Yuli yaƙi ya ɓarke.

Ranar 9 ga Agusta, 1967, sojojin Biyafara suka tsallake Kogin Kwara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai garin Ore a kan hanyar Legas. Hankalin gwamnatin tarayya ya tashi, aka kafa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, aka damƙa ta a hannun Murtala. Yawancin dakarunta sababbin ɗauka ne waɗanda ba su sami isasshen horo ba. Duk da haka ya fatattaki 'yan Biyafara, ya ƙwato Benin ranar 20 ga Satumba, ya isa Asaba da ke bakin kogi a farkon Oktoba. Wannan nasara ta kawar da barazanar da ke kan Legas. Sai dai a Asaba dakarun rundunar sun kashe ɗaruruwan farar hula, yawancinsu maza da samari, musamman ranar 7 ga Oktoba. Wannan tabo ne a tarihin rundunar, kuma mutanen garin suna tunawa da shi har yau.

Daga Asaba ana hangen Onica a ɗaya gaɓar, amma 'yan Biyafara sun riga sun karya gadar da ta haɗa garuruwan biyu. Hedikwatar soja ta ba da shawarar a zagaya ta arewa, a tsallake inda babu abokan gaba. Murtala ya ga wannan ɓata lokaci ne, ya zaɓi ya tsallaka kai tsaye da jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana komowa da asarar rayuka da makamai masu yawa. Daga bisani ya bi shawarar da ya ƙi tun farko, ya tsallake ta Ida, ya gangaro ta ƙasa har ya ci Onica a watan Maris na 1968. A ƙarshen wannan wata kuma 'yan Biyafara suka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama tankar mai, ta cinye kusan ayarin duka. Ba da daɗewa ba ya bar fagen daga, Kanar Ibrahim Haruna ya gaje shi. Yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970.

Bayan yaƙi ya zama Birgediya a 1971, sa'an nan Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1974. Ranar 29 ga Yuli, 1975, aka hamɓarar da Gowon yana halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kamfala, aka naɗa Murtala Shugaban Ƙasa. Nan ma bai yi nawa ba. Ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci da lalaci, matakin da jama'a suka yaba, ko da yake ya rutsa da wasu ba tare da cikakken bincike ba. Ya tsayar da 1979 a matsayin shekarar miƙa mulki ga farar hula, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola duk da matsin lambar Amurka. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, ya kuma bayyana cewa za a mayar da babban birnin tarayya Abuja.

Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, wasu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka harbe shi a Legas yana kan hanyar zuwa ofis, ba tare da ayarin masu gadi ba. Yana da shekara 37. An yi jana'izarsa a Kano. Filin jirgin saman Legas da takardar Naira 20 suna ɗauke da sunansa da hotonsa.

Malamin da zai koyar da tarihin Murtala ya kamata ya gabatar da shi ɗungurungum: Benin da Asaba, Onica da Abagana, gyaran aikin gwamnati da waɗanda gyaran ya zalunta. Ta haka ɗalibai za su koyi auna shugaba da adalci. Allah ya gafarta masa, ya jiƙan dukan waɗanda yaƙin ya ci.